Za a kai ni ɗanɗanon giya a Faransa, ni kuwa ba na sha

Anti, ina wuni, ya aiki? A watan Satumba wurin aikinmu zai tura mu birnin Bordo na ƙasar Faransa, mu huɗu, kwana biyar, wajen wani kamfani da muke hulɗa da shi. Sun turo jadawali. Rana ta uku za a kai mu wata gonar inabi kusa da Saint-Émilion a zagaya da mu, a yi ɗanɗanon giya, da dare kuma a ci abinci a wani gidan abinci da suka ce yana da tauraron Michelin, wato lambar yabo ta manyan gidajen abinci. Ni Musulma ce, ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ba ni da niyya. Amma ni mutum ce mai son abinci, girki shi ne abin da na fi jin daɗi a duniya. Wancan zuwan da na yi Turai, saboda tsoro, burodi da soyayyen dankali na yi kwana shida ina ci, na dawo ina jin haushin kaina. Wani abokin aikina ya ce in kwantar da hankalina, ai a wurin ɗanɗano ba a haɗiyewa, kurkure baki ake yi a tofar, kuma in ka je gari ka ga kowa da wutsiya sai kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ba na so in kunyata shugabanmu a gaban baƙi, ba na so a ɗauke ni baƙauyiya, ba na kuma so in sake dawowa da yunwa. Yaya zan yi?

Ƙanwarki mai son girki

Ƙanwata, bari in fara da abokin aikin nan naki, don shi ya fi tsaya mini a rai. Rabin maganarsa gaskiya ce. A ɗakin ɗanɗano akwai wani kwano ko ɗan bokiti a kan teburi, kowa ya juya kofinsa, ya sunsuna, ya kurɓa, ya wasa a baki, sai ya tofar a ciki. Masu sana'ar haka suke yi, domin wanda zai ɗanɗana kala talatin a wuni ba zai haɗiye duka ya koma gida da ƙafarsa ba. Amma su suna tofarwa ne don kada su bugu. Ke kuwa ba tsoron buguwa ya hana ki sha ba. Kin ce ba ki taɓa kai ta bakinki ba, to kurkurar baki da ita kai ta baki ne, duk sunan da aka ba shi. Ki bar shi da wutsiyarsa.

Abin da na hango a wasiƙarki shi ne kin ɗauka hanya biyu ce kawai a gabanki: ko ki kurɓa don kunya, ko ki koma burodi da dankali don tsoro. Duka biyun daga wuri ɗaya suka fito, wato rashin buɗe baki da wuri. Wancan zuwan ba haram ce ta sa kika yi kwana shida da yunwa ba. Ba ki san me za ki tambaya ba, ba ki kuma faɗa wa kowa komai ba.

Saboda haka aikinki na farko ba a Faransa yake ba, a kan kwamfutarki yake, cikin makon nan. Wanda ya turo jadawalin nan, ki rubuta masa layi uku. Ki gode masa, ki ce kina ɗokin ganin gonar da cin abincin daren, sannan ki ce ba kya shan giya, ba kya cin naman alade, ba kya cin abin da aka dafa da giya, kuma za ki fi son kifi da kayan lambu. Ki roƙe shi ya sanar da gidan abincin tun yanzu. Kada ki ba da haƙuri, kada ki yi wa'azi, kada kuma ki ƙirƙiro ƙaryar ciwon ciki ko shan magani. Ƙarya irin wannan ba ta wuce dare ɗaya, gobe wani zai tambaye ki ko kin warke ya cika miki kofi. Shugabanku ma ki faɗa masa kafin ku hau jirgi, don abin da ke kunyata shugaba shi ne ya ji labari a gaban baƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada ki zaci za ki zama abin kallo. A farkon shekarun 1960 Bafaranshe ɗaya, in an yi raba-daidai, kan sha sama da lita 100 na giyar inabi a shekara. Yau bai kai rabin haka ba. A kowane teburin aiki za ki tarar da wanda zai yi tuƙi, da mai juna biyu, da wanda likita ya hana, da wanda kawai ya daina. Masu gidan abinci sun saba, kuma kamfanin da ke hulɗa da ƙasashen waje ba ke ce Musulma ta farko da ya karɓa ba.

Yanzu batun gonar. Ni a ganina ki raba ranar gida biyu. Zagayen gona daban, ɗakin ɗanɗano daban. Kun yi sa'ar lokaci, don Satumba ne ake tsinkar inabi a yankin. Ki shiga cikin layukan, ki roƙi izini ki tsinki ƙwaya ɗaya ta irin da suke kira Merlot, wanda shi ya fi yawa a Saint-Émilion. Za ki ga ƙanana ne, baƙaƙe, fatarsu da kauri, cike da 'ya'ya, amma zaƙinsu ya fi na inabin da ake sayarwa don ci nesa ba kusa ba. Ki tauna fatar ita kaɗai ki ji yadda take ɗaure miki harshe. Wannan ɗaurin shi ne abin da za ki ji suna ta surutu a kansa da dare suna kaɗa kofi. Kin ga kin san abin da suke nufi ba tare da kin kurɓa ba. Mai son girki ba ta rasa tambaya a gona: me ya sa ƙasar nan fara ce, me ya sa aka bar kurangar gajeru, yaya ake gane ranar tsinka. Manomi a ko'ina yake yana son wanda ya tambaye shi ƙasarsa.

In aka zo shiga ɗakin ɗanɗano, nan ne zan ce ki ja baya. Zaman nan ba shi da wata manufa sai giya, kuma akwai hadisin da ya yi hani da zama a teburin da ake zagayawa da ita. Minti arba'in ne ko awa ɗaya. Garin Saint-Émilion kansa abin gani ne, tun 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, yana da wata tsohuwar majami'a da aka fafe cikin dutse guda, da lunguna masu gangara da za su gwada miki takalmi. Ana kuma yin wani ɗan biskit mai laushi na almon da farin ƙwai da sukari, wanda garin ya yi suna da shi tun ƙarni na 17. Ki ce za ki zaga ki dawo. Shi kuwa cin abincin dare, wanda manufarsa abinci ce da aiki amma wasu za su sha a gefenki, ki kai wa malamin da kika amince da shi tun kina gida, ki bayyana masa yadda abin yake, ki tafi da matsaya. Abin da ba na so shi ne ki tsaya a ƙofar gidan abinci kina fatawa da kanki, mutane na jiranki.

Wani tarko na lokacin kaka da ya kamata ki sani. A yankin Bordo ana sayar da wani abu da suke kira bourru. Kamarsa ɗaya da ruwan inabi da aka matse yanzu, gauraye-gauraye, ga zaƙi, ga ɗan kumfa. Ruwan inabi ne da ya fara tsima, wato ƙwayoyin yis sun fara cinye sukarin suna mayar da shi barasa. Giya ce da ba ta ƙarasa ba. In za ki sha, ki nemi jus de raisin na kwalba. Haka abin da suke kira cidre, na tuffa, a Faransa giya ce. Kwalbar da aka rubuta an cire mata barasa ma ki duba lambar, don doka ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin 100 a ciki. Wadda aka rubuta 0.0 ita ce ta fi kusa da babu.

To, mu zo kan abinci, inda na fi so mu daɗe.

A Bordo matsalarki ba kofi ba ce, tukunya ce. Kofi kina ganinsa, ki ɗaga hannu ki ce a'a. Tukunya kuwa tana can ciki. Yawancin abin da kika ga an rubuta à la bordelaise a gefensa, to an yi miyarsa da giya, galibi ja. Coq au vin kaza ce da aka dafa cikin giya, sunan ma ya faɗa. Bœuf bourguignon naman sa ne cikin giya, kuma galibi da 'yan gutsattsarin naman alade da suke kira lardons. Waɗannan lardons ɗin su ne 'yan leƙen asirin girkin Faransa, za ki same su a cikin salak, a cikin ƙwai, a cikin wake, a inda ba ki zata ba. Kifi ma ba a ce an tsira ba, don farar miyar man shanu da ake zuba masa, beurre blanc, da farar giya ake fara ta, haka kuma yawancin kayan teku masu ɓawo da ake turarawa a tukunya.

Za a ce miki ai wuta ta ƙone barasar. Kowa na faɗin haka, har da masu dafa abincin, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma an auna. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar sun nuna abincin da aka zuba wa barasa aka kunna masa wuta, irin wanda ake yi a gaban baƙi don burgewa, yana riƙe kusan kashi 75 cikin 100 na barasar. Wanda ya yi minti 15 yana tafasa yana riƙe kashi 40, awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Saboda haka tambayarki kada ta zama "akwai barasa a ciki?", don mai sabis zai ce babu, yana nufin ta ƙone. Ki tambaya ko an yi amfani da giya wajen dafawa. Kalmomin ba su da wuya: sans alcool, ba barasa, sans porc, ba alade, cuit avec du vin?, an dafa da giya? Ki rubuta su a ɗan kati ki sa a jaka. Kada kuma ki dogara da takardar da ke lissafa abubuwan da jikin wasu ba ya so. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta a bayyana guda 14, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da alkama, amma alade da giya ba sa cikinsu.

Bari in ba ki labarin kaina, don kada ki ɗauka da sani aka haife ni. Zuwana na farko Bordo, na shiga wani ɗan shagon burodi da safe na ga wasu ƙananan kek jere a faranti, kowanne kamar ɗan kofi da aka kife, da tsaga-tsaga a jiki, launinsu ya yi duhu kamar sun ƙone. Na ciji ɗaya. Bayan ya yi ƙaras kamar alewar da ta daskare, cikin kuwa laushi, rawaya, da ƙananan ramuka, yana ƙamshin banila. Ban bar wurin ba sai da na ci uku, na sa aka ƙunshe mini shida. Da yamma nake nuna wa wata da muke tare, ta kalle ni ta ce, "Kin san da rum ake yin canelé ko?" Rum wata barasa ce ta rake. Na zauna a bakin gado ina kallon ledar nan kamar ta ci amanata. Ban ga laifin mai shagon ba, ban tambaye ta ba. Ana cewa ma asalin kek ɗin daga gonakin inabi yake, don da farin ƙwai ake tace giya a ganga, kwanduwar da ta yi saura kuma aka rasa yadda za a yi da ita sai aka mayar da ita kek. Akwai masu yin sa ba rum, amma sai kin tambaya. Tun daga ranar na gane cewa a wajen kayan zaƙi aka fi kama mutum, lokacin da ciki ya cika, hankali ya kwanta. Baba au rhum a jiƙe yake da barasa sharkaf. Crêpes Suzette da barasar lemo ake kunna masa wuta. Busasshen 'ya'yan itacen garin Agen sau da yawa a cikin barasar Armagnac ake jiƙa su. In kika ga colonel a jerin kayan zaƙi, ba soja ba ne, ƙanƙarar lemon tsami ce da aka tsiyaya wa barasar vodka.

Kada jerin nan ya karya miki gwiwa, don abin da ya rage ya fi wanda aka cire yawa. Bordo ba ta da nisa da teku, bakin tekun Arcachon bai fi tafiyar awa ɗaya ba, kifi sabo yake zuwa kullum. Kifin da aka gasa aka zuba masa man zaitun da lemon tsami, ko wanda aka soya cikin man shanu har man ya yi ja, ba abin da ya haɗa shi da giya. Ga kayan lambu na kaka, ga burodin da ba irin wanda kika ci don dole ba, ga man shanu mai gishiri da ni kaɗai zan iya cinye faranti. Ga kuma cuku, wanda a Faransa ake kawowa bayan babban abinci kafin kayan zaƙi. Ki gwada Comté, mai tauri, wanda ba a fitar da shi sai ya yi aƙalla wata huɗu a ɗaki, ki nemi matashi da tsoho ki ci a jere ki ji yadda shekara ke canza madara. Ki gwada Roquefort na madarar tumaki, mai shuɗin jijiya, wanda ake ajiyewa cikin kogon dutse, in hancinki ya yarda. Abin da su suke yi da giya, sunsunawa da kwatantawa da gardama, ke za ki iya yinsa da cuku, da man zaitun, da cakulan, da zuma. Harshe ɗaya ne.

Shi gidan abinci mai tauraro kuwa, a nan ne ya fi sauƙi, abin da mutane ba su sani ba ke nan. Littafin Michelin kamfanin tayar mota ne ya fara fitar da shi a 1900, don direbobi su san inda za su ci su kwana, su yi ta tafiya tayoyi na cinyewa. A 1926 aka fara ba da tauraro, daga baya aka mayar da shi hawa uku. Gidan da ya samu ko da ɗaya yana tsoron rasa shi, kuma komai a kicin ɗinsa ake yi tun daga tushe, don haka babban kuku ya san abin da ke cikin kowace miya. In an sanar da shi da kwana biyu ko uku, zai tsara miki naki jerin. Inda ake shan wahala shi ne ƙaramin gidan da ya dafa miyarsa tun safe a tukunya guda, ba yadda zai yi ya cire abin da ya riga ya zuba.

Ga yadda daren zai kasance. Ba a fara cin abincin dare kafin bakwai da rabi ko takwas, kuma za ku yi awa biyu zuwa uku a zaune, saboda haka ki san yadda za ki yi da sallolinki kafin ku fita. Za a fara kawo wasu 'yan lomomi da ba ku yi oda ba, kyautar kuku ce, su ma ki tambaya, don a nan ake yawan saka yankakken naman alade. Cokula da wuƙaƙe da kika ga an jera, daga na waje ake farawa a shigo ciki. Wani mutum zai zo da littafi mai kauri, shi ne mai kula da abin sha, sommelier suke ce masa. Ki kalle shi ki ce ba kya shan barasa, me zai haɗa miki. Wannan tambayar tana faranta musu rai fiye da yadda kike zato. Gidaje da yawa yanzu suna da jerin abin sha marar barasa da ke bin kowane faranti, ruwan tuffa da ganyaye, shayi mai sanyi, ruwan inabin da bai nuna ba mai tsami. In ya ambaci kombucha ki sani shayi ne da aka tsima, yana ɗauke da ɗan burbushin barasa, sai ki ce a canza. Zai ɗauke kofunan giyar da ke gabanki, shi ke nan ba mai sake tambayarki. In aka ɗaga kofi ana santé, wato fatan lafiya, ki ɗaga naki na ruwa, ki kalli idon wanda ke gabanki, don su kallon idon suka fi damuwa da shi fiye da abin da ke cikin kofin.

In wani ya matsa, ya ce ɗan kaɗan dai, ki yi murmushi ki maimaita jimlar farko, ba ƙari. Dogon bayani shi ke buɗe ƙofar gardama. Sai ki juya maganar, ki tambaye shi wane abinci mahaifiyarsa ta fi iyawa. Ban taɓa ganin Bafaranshen da aka yi wa wannan tambayar ya tuna da kofin wani ba. Mutanen da a 2010 suka kai zaman cin abincinsu gaban UNESCO aka rubuta shi cikin al'adun duniya, ba sa gajiya da zancen tukunya.

Sauran kwanakin da kuke cin gashin kanku, ki fi ba abincin rana ƙarfi. Tsakanin sha biyu da biyu ake yinsa, in kin wuce biyu kicin ya rufe sai dare, kuma gidajen da ke da tsada da dare sukan yi jeri mai rangwame da rana. Ruwan famfo kyauta ne a kowane gidan abinci, ki ce une carafe d'eau, in ba haka ba za a kawo miki na kwalba a sa a lissafi. Ladan masu sabis yana cikin kuɗin da aka rubuta, abin da kika ƙara alheri ne. In kuma kun samu safiya guda ba taro, ki tashi da wuri ki je kasuwar Capucins da ke cikin Bordo da yunwarki da ɗan katin nan naki. Ki fara da layin masu cuku, su suna yanko wa mutum ya ɗanɗana kafin ya saya.